Matan Siriya da Suka Hau Dandamali a Amman

A ƙarshen shekarar 2013, lokacin da yaƙin Siriya ya kori dubban ɗaruruwan mutane zuwa Jordan, wasu mata 'yan gudun hijira a birnin Amman suka fara haɗuwa domin koyon wasan kwaikwayo, alhali ba sana'arsu ba ce. Omar Abusaada, darakta ɗan Siriya, shi ne ya jagoranci atisayen. Wasan da suka ɗauka kuwa shi ne na matan Troy, wani tsohon birni da Girkawa suka ci da yaƙi a labaran da, wanda Euripides ya rubuta a Girka shekara 415 kafin haihuwar Annabi Isa, a kan matan da aka kashe musu maza, aka rushe musu gari, suna zaune suna jiran a raba su a matsayin bayi.

Ba su tsaya ga haddace maganganun marubucin ba. Sun cusa nasu labaran a cikin wasan, wato gidan da aka baro da 'yan uwan da aka rasa, kuma suka faɗe su da bakinsu a gaban jama'a a watan Disamba.

Ina ganin darajar wannan aiki ne idan na tuna yadda rayuwar ɗan gudun hijira take. Kusan dukkanta jira ce: jiran katin tallafi, jiran takarda, jiran labari daga gida, musamman a wancan lokaci da samun izinin aiki a Jordan yake da wuya ga 'yan Siriya. Kullum hannunsa a ƙasa yake, wasu ne ke magana da yawunsa. Amma matar da ke da atisaye ta san akwai masu jiranta, ta san idan ba ta je ba muryar ƙungiya za ta ragu, kuma ranar wasa ita ce mai bayarwa, 'yan kallo su ne masu karɓa. Buhun abinci, duk da muhimmancinsa, ba ya mayar wa mutum da irin wannan mutunci.

A 2014 Jami'ar Georgetown da ke Amurka ta gayyace su, sai Amurka ta hana su biza, abin da har yau yake ba ni takaici, dole suka yi magana da mahalarta ta bidiyo daga Amman. Sai a 2016 ne mata 13 suka samu damar kai wasan Birtaniya da sunan Queens of Syria, inda suka fara daga gidan wasan Young Vic na Landan kafin su zagaya wasu biranen ƙasar.