Tashar nukiliya: a fara gaya mana wanda zai biya

Duk lokacin da na bi ta Lambar Rimi na hango dogayen fankokin nan tsaye a cikin gonaki, sai batun tashar nukiliya da gwamnatin tarayya ta daɗe tana yi ya faɗo mini a rai. An tsara wannan aiki ne domin ya samar da megawat 10 kacal daga iska, kuma tunaninsa ya faro tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamnan Katsina, amma sai da aka haura shekara goma ana dakon kammala shi. Wanda ya ga haka da idonsa yana da haƙƙin yin tambaya idan aka ce za a gina tashar da ta ninka wannan fiye da sau ɗari.

Fannin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1976 aka kafa hukumar makamashin nukiliya, tun 2004 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take da ƙaramar na'urar bincike. A 2017 Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha, an kuma ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren gini. Masu goyon baya suna cewa tashar nukiliya ba ta fitar da hayaƙi, tana ba da wuta dare da rana, rani da damina, kuma na yarda da su a kan wannan.

Inda na tsaya shi ne kuɗin. Tsadar nukiliya ba ta cikin yuraniyom, wato ma'adinin da tashar ke aiki da shi, tana cikin ginin da kuɗin ruwan bashin da ke taruwa kafin a kunna ko da ƙwan fitila ɗaya, saboda haka kowace shekarar jinkiri ƙarin nauyi ce a wuyan mai biya. A Amurka, sababbin na'urori biyu na tashar Vogtle, waɗanda aka ƙiyasta a kan dala biliyan 14, sun ci sama da biliyan 30, kuma sun makara da kusan shekara bakwai. Masar tana gina tata a El Dabaa da rancen dala biliyan 25 daga Rasha. Irin wannan bashi da kuɗin waje ake biyansa, alhali tela da mai walda a Katsina da naira suke biyan kuɗin wuta, kuma ba mu manta da ƙarin 2024 ba, lokacin da aka kai farashin rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, naira 225 kan kowane yunit.

Akwai kuma batun layukan dakon wuta, wanda ya fi damuna. A Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu, injinan niƙa suka tsaya, ƙanƙara ta gagari talaka. Ko da a lokacin akwai tashar nukiliya a Geregu, wutarta ba ta da hanyar isowa gare mu. Bugu da ƙari, wutar da ake rabawa a ƙasar baki ɗaya ba ta cika wuce megawat 5,000 ba, don haka idan na'ura guda mai megawat 1,200 ta tsaya bagatatan, kusan rubu'in wutar ƙasa ne ya tafi lokaci guda.

Abin da nake roƙon wakilanmu a Majalisar Tarayya shi ne su nemi a baje sharuɗɗan duk wani rance a fili, da farashin da zai faɗo kan mai mita, da wurin da za a adana sharar tashar, kafin a sa hannu a kan kwangilar gini.