Baƙon da ya ƙi kaɗa nono a Keri

Daga Dablin, babban birnin ƙasar Ireland, zuwa yankin Keri ba wani labari, ruwan sama ne da shanu har ido ya gaji. Labarin yana gidan wata dattijuwa da ta sauke ni a gonarta.

Na tarar tana kaɗa afarai a wata doguwar gangar katako, da sanda a tsakiya, a ɗaga a danna. Ko gaisawa ba mu gama ba ta miƙo mini sandar. "Ɗana, sai ka taɓa tukuna." Na ce Iya, ai baƙo ne ni. Ta ce don haka ma. A al'adarsu ta da, duk wanda ya shigo ana kaɗi sai ya sa albarka ya kuma sa hannu, in ba haka ba a zarge shi da sace albarkar man. Kakarta, in ji ta, garwashi take ajiyewa ƙarƙashin ganga, kuma ran 1 ga Mayu ko wuta ba ta ba maƙwabci, don ranar ce masu sace mai da asiri ke yawo. Tana faɗa tana dariya, amma sandar nan ba ta karɓa ba sai da kafaɗata ta yi tsami.

Da man ya taso ta wanke shi da ruwan sanyi, ta zuba gishiri. Nan muka saɓa. 'Yar Fulani ta sa wa man shanu gishiri a ƙwarya? Ai an gama ciniki. Amma fa rawaya ne sosai saboda ɗanyar ciyawa, kuma da tsalar da ta rage ta gasa burodin da na ci har na ji kunya. Ko sisi ta ƙi karɓa.

A birnin Kok kuwa wani mai shago ya caje ni kuɗin shayi da yankan burodi kamar na ci rago, fuska a murtuke.

A can na leƙa gidan tarihin man shanu a unguwar Shandon, daura da tsohuwar kasuwar da a ƙarni na 19 babu kamarta a duniya wajen cinikin mai, aka rufe ta a 1924. Sun ajiye man da aka tono daga fadama. Irinsa har wanda ya haura shekara 3,000 an samu a ƙasar.

Daga nan sai mota zuwa Dablin, da mura.