TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 9): Tanderun Baba

A makon jiya mun tsaya inda na sauka Suleja wajen Baba, dattijon da aka haɗani da shi ya koya min ginin tukwane na zamani.

Ni fa tashi na yi na ga innarmu tana gasa tukwane kuma ba wani gini ake ba, fili ne kawai a bayan gari, a kife randuna da tuluna a lulluɓesu da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu a cinna wuta, kafin la'asar an gama, tun suna da zafi a yayyafa musu ruwan makuba su yi duhu. To da na ga tanderun Baba sai da na riƙe baki, ɗaki guda na bulo harda bututun hayaƙi, wai duk don kofuna da farantai.

Yace min irin wannan aikin Michael Cardew ne ya kawoshi garin, wani baturen Ingila da ya buɗe makarantar tukwane a farkon shekarun 1950, lokacin Suleja ce ake kira Abuja. A nan Ladi Kwali ta shiga a 1954, eh waccan dai ta bayan naira 20.

Sau biyu ake gashi. Na farko zafin ya kai wajen digiri 900 zuwa 1000 don yumɓun ya yi ƙwari, sai a tsoma kayan a ruwan sheƙi wanda Baba ke haɗawa da tokar ice da yumɓu da garin dutse, a maidasu ciki a kai kusan 1300. Wutar innarmu ba ta zuwa ko kusa, shi yasa randarta ke tsattsafo tana sanyaya ruwa, wanda gaskiya har yau kofin Baba bai iya wannan ba duk ƙyallinsa.

Akwai wani ɗan tanderun lantarki a lungu, amma ina wutar take? Buhunan toka muke ajiyewa a ciki.

Ranar gashi na biyu muka toshe ƙofar da bulo muka shafe da laka, aka fara da 'yar wuta kaɗan kaɗan don in ka gaggauta kayan fashewa suke. Tsakar dare Baba ya miƙo min faskare yace "yaro, kar ka cusa mata ice da yawa, shaƙewa take yi." Wallahi haka ne, kana cikawa baƙin hayaƙi zai turnuƙe zafin ya ja baya, sai ka jira ta cinye sannan ka ƙara. Ya zare bulo ɗaya yace in leƙa, ciki ya tashi daga ja ya koma ruwan lemo, can wajen asuba ya yi fari fat ido baya iya tsayawa, girata ma sai da ta ƙone. Akwai wasu 'yan tsinin yumɓu da ake jerawa saitin ramin leƙen, masu rusunawa in zafin ya kai yadda ake so, da na ƙarshen ya rusuna Baba yace "shikenan, toshe ko'ina."

Nace Baba yaushe za mu buɗe, ga kofina na farko a ciki. Yace sai jibi, in iska mai sanyi ta shiga yanzu duk tsagewa za su yi. Abin da muka tarar kuwa sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.