Abin da kwalbar gwaji ba ta nuna min ba a Kogin Ogun

Watanni takwas na yi ina ɗibar ruwa a kwalabe don aikin kammala karatuna a Legas, daga Isheri har inda Kogin Ogun ke zuba a tafkin Legas. Da na fara, a zatona matsalar ruwa ta ɗakin gwaji ce kawai: a auna dauɗa, a rubuta lamba, a miƙa wa hukuma.

Wani dattijo Bakabe da ke su a kusa da kasuwar shanu ta Kara ne ya sauya min tunani. Rannan ya tsaya yana kallona ina liƙa takarda a jikin kwalba, sai ya ce, "Ɗana, in ka gama awon, wa za ka kai wa ƙara? Ruwan nan na waye?"

Na ce, "Na gwamnati ne, Baba."

Ya ce, "Wacce daga ciki?"

Ban iya ba shi amsa ba, kuma tambayar ba ta wasa ba ce. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Zirga-zirga a kan ruwan kuwa akwai NIWA, hukumar hanyoyin ruwa ta tarayya, wadda aka kafa a 1997, akwai kuma LASWA, takwararta ta Jihar Legas, tun 2008, kuma sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ikon na tarayya ne. Makullin ruwan kansa yana can madatsar Oyan kusa da Abeokuta, a wata jihar. Kowa da nasa yanki, amma a takardun da na karanta ban ga wanda aka ɗora wa alhakin kifin ba.

Fadama ce ta fi tsaya min a rai. Ciyayin bakin kogi suna tace laka, kifi na zuba ƙwai a cikinsu, in ruwa ya yi yawa kuma nan yake bazuwa ya huce kafin ya kai gidajen mutane. Duk wannan aiki kyauta take yi, ba ta da takarda. Amma ranar da aka cike ta da yashi aka yanka fuloti, ranar take samun takardar mallaka da farashi. Wanda ya cike ya ci riba shi kaɗai. Asarar kuma a raba wa masunci da mai shago a unguwar Mile 12 da mazauna unguwar Owode Onirin, waɗanda ruwa ke shiga ɗakunansu idan aka saki na Oyan a ƙarshen damina. Na ga shaidar ruwa a bangon wani masallaci, ta kai ƙuguna. Ruwa ba ya tsami banza.

Baba ya ba ni labarin gida. A Argungu, in ji shi, Sarkin Ruwa ne ke faɗin lokacin da za a shiga kogin Matan Fada da lokacin da za a bar shi ya huta, kuma ana jin maganarsa domin kowa ya san shi, shi ma daga ruwan yake ci. Ba na cewa a kwaso wannan tsari a dasa a birni mai miliyoyin mutane da masana'antu. Sarkin ruwa ba zai iya tsayar da injin haƙar yashi ba. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masuntan nan, Yarabawa da Egun da namu, sukan gane ruwa ya lalace tun kafin sakamakon gwajina ya fito, daga wari da irin kifin da ya daina shiga koma. Abin da ba su da shi shi ne haƙƙin da doka ta sani, wanda zai ba su bakin cewa a'a. Wannan yana ci min rai har yau.

Daga baya na ƙara layi ɗaya a takardar da nake cikewa a kowane wurin ɗiba, ƙarƙashin zafin ruwa da launinsa: "Wa ke da ikon hanawa a nan?" Malamina ya amince a bar shi. A yawancin wuraren, duk wanda na tambaya sai ya nuna min wani.