Abin da Koyar da Yara Ilimin Saiwa da Ƙasa Ya Koya Mini

A shekarun da na yi ina koyar da ilimin aikin gona a firamare, na lura cewa yaro da ganye kaɗai yake auna lafiyar shuka. Idan ganyen masara ya yi rawaya sai ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, alhali sau da yawa matsalar tana ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa nake fara wannan darasi da tono kafin allo.

Mukan yanke bakin robobin ruwa mu huda gindinsu, mu cika ɗaya da yashin jigawa, ɗaya da lakar fadama, ta uku kuma da ƙasar da aka cuɗa da takin gida, sannan mu shuka wake dab da jikin robar domin saiwar ta bayyana. A yashi ruwa yakan zurare nan take, laka kuwa takan riƙe shi har ya kwanta. Abin da ya fi ba yaran mamaki shi ne waken lakar da suka fi shayarwa shi ke fara lanƙwashewa, kuma idan an tumɓuke shi sai a tarar saiwar ta yi duhu ta fara ruɓewa. Daga nan suke yarda cewa saiwa tana numfashi, kuma ruwan da ya cike duk kafofin ƙasa yana hana ta iska.

Darasin da ya fi zauna mini, duk da haka, daga gonakin iyayensu ya fito. Idan muka wanke saiwar gyaɗa, yaran sukan ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikinta, wasu har su ɗauka cuta ce. Nakan sa su fasa ɗaya da farce su ga cikinsa jaja-jaja, in bayyana musu cewa ƙananan halittu ne ke zaune a ciki suna ɗauko sinadarin naitirojin daga iska su ciyar da shukar, kuma haka saiwar wake ma take. Sai ka ji wani ya ce, "Malam, ashe shi ya sa Baba yake sa wake a tsakanin gero!" A ganina wannan magana ta fi kowace amsar jarrabawa daraja, domin yaron ya haɗa aji da gona da kansa.

Haka ma batun gawo, wanda duk sun san gero ya fi kyau a gindinsa. Saiwarsa tana nitsewa can ƙasa, shi kuma da damina yake kaɗe ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki.