Laraba, ranar 'yan kwamiti

Yau dai 'yan kwamitin duba ayyuka suka zo ofishinmu. Tun jiya aka shiga share-share, har labulen ofishin Darakta aka canja. Da safe na tarar da firinta sabuwa fil a teburin Hajiya, ashe daga sashen kuɗi aka aro ta. Janareto ya sha mai, fanka na juyawa, kowa ya ci ado. Gaskiya na ji daɗi, an daɗe wurin nan bai yi haske haka ba. Har shayi aka raba.

Da dogon fom suka zo. Ma'aikata nawa ne, kwamfuta nawa ke aiki, kwana nawa fayil ke yi kafin ya fita. Darakta na amsawa, suna sa alama. Da suka iso ɗakin ajiyar fayiloli, wata mata daga cikinsu ta tambayi Malam, mai kula da ɗakin, ko akwai abin da ke kawo masa cikas. Na ga ya ɗaga ido ya dubi Darakta, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi, ranki ya daɗe, komai lafiya." Alhali a bayansa ga tarin fayilolin da ruwan damina ya jiƙa, takardun sun manne da juna, tawada ta narke, an lulluɓe su da tsohuwar darduma.

Bayan azahar na same shi yana ɗaure takardu da zare. Na ce, "Malam, me ya hana ka gaya musu rufin nan yana yoyo?"

Ya ce, "Ɗana, saura ƙiris in yi ritaya. So kake in kunyata maigida a gaban baƙi?"

Na ce ai in sun rubuta cewa muna da komai, baɗi in an zo kasafin kuɗi wa zai tuna da mu? Takarda za ta nuna ba mu da matsala, kuma in fayil ya makale a ce mu ne malalata.

Ya ajiye zaren. Ya ce a gabansa Obasanjo ya kafa SERVICOM, shirin inganta hidimar ma'aikatu ga jama'a, a 2004, aka buɗe teburin sauraron koke a ma'aikatu. A gabansa Oronsaye, tsohon shugaban ma'aikatan tarayya, ya miƙa wa Jonathan rahoto kan rage hukumomin gwamnati a 2012, bayan ya bi hukumomi 541 ɗaya bayan ɗaya, ya ce 263 da doka ta kafa a mayar da su 161. Sai a Fabrairun 2024 Tinubu ya ba da umarnin a aiwatar. "Shekara goma sha biyu, ɗana. In wancan ya jira haka, rufina fa?"

Ban iya ba shi amsa ba, kuma tun ɗazu abin ke cina. Malam yana da gaskiya, amma ban yarda da shi duka ba. Rahoton Oronsaye ya sha ƙura, na ji, amma ya faɗi abin da ya gani, shi ya sa da aka waiwayo aka samu abin kamawa. Namu na yau ko shekara ɗari ya yi a kabad, duk wanda ya buɗe shi zai karanta cewa ofishin nan lafiya lau yake. Tun Nuwamban 2023 ministoci suka sa hannu kan alƙawarin aiki, aka ɗora wa ofishin Hadiza Bala Usman, mai ba Tinubu shawara, bibiyar ƙoƙarinsu. To alƙaluman da ake auna su da su daga ina suke tasowa, in ba daga ɗakuna irin na Malam ba? Matar nan da gaske ta yi tambayarta, na ga ta dakata da biro tana jiran amsa. Wannan dakatawar ce ta fi tsaya min a rai.

Kafin la'asar masinja ya zo ya ɗauke firinta.

Mai adaidaita ya ƙara kuɗi. Umma ta kira, ƙafar da sauƙi. Maman Abba ta yi ɗanwake, ta ce me ya same ni nake cin abinci kamar wanda aka tilasta.

Gobe in Allah ya kai mu zan ɗauki hoton rufin da fayilolin, in rubuta wa Darakta takarda ta hanyar shugaban sashe, a sa ta a fayil da kwanan wata. Zan fara nuna wa Malam. In ya ce kada sunansa ya fito, zan cire, in sa nawa kaɗai.