Ɗigona sun fara kama da kifin Argungu

'Yan uwa masu koyon shader, wato ƙaramin shirin da ke gaya wa na'ura yadda za ta zana hoto a allo, ga inda aka kwana. Burina garken kifi ne yana yawo a allon waya, irin na ruwan Matan Fada a Argungu, kowane kifi ɗigo guda, kuma alhamdu lillahi ɗigon sun fara yin wutsiya.

A WebGL, fasahar zane a cikin burauza, duk ɗigon da ka zana murabba'i ne. Vertex shader ba ruwansa da siffa, wurin zama kawai yake ba shi, sai girma ta gl_PointSize. Fragment shader ne ke bin fiksel ɗaya bayan ɗaya yana yanke wanda zai zauna da wanda zai tafi. Aikin tela ne: yadi guda, almakashi ke fitar da riga.

gl_PointCoord zai gaya maka inda fiksel yake a cikin murabba'in, daga 0 zuwa 1 ta kowane gefe. Ka ɗebe 0.5, tsakiya ta koma sifili. Ka auna nisa da length, wanda ya haura 0.5 ka yar da shi da discard, da'ira ta fito. Sai dai gefenta kan yi haƙora-haƙora. Ni na fi son 1.0 - smoothstep(0.45, 0.5, nisa) a matsayin alpha, wato yawan yadda fiksel zai bayyana, gefen ya narke sumul. Amma sai ka kunna blending, mai gauraya launi da na bayansa, ka kashe rubuta depth, wato bayanin abin da ke gaba da abin da ke baya. In ba haka ba, kusurwoyin da ba a gani za su riƙa rufe kifin da ke baya.

Jikin kifi ba wuya: ninka y da 2 kafin ka auna nisa, da'ira ta baje. Wutsiya kuwa alwatika ce, wurin da abs na y bai kai nisan fiksel daga ƙugun kifin ba. Ka haɗa alpha ɗin biyu da max.

Juyawa ce ta ci min lokaci. Ɗigo ba ya juyawa, kullum a miƙe yake. Don haka ma'aunin gl_PointCoord ake juyawa da mat2 na sin da cos, a turo kusurwar daga vertex shader ta varying, hanyar miƙa bayani ga fragment shader. Ku lura y na gl_PointCoord daga sama yake farawa ya gangaro ƙasa, kishiyar yadda muka saba, sai a kifar da shi, in ba haka ba kifi ya nufi gabas yana hawa alhali kansa na kallon ƙasa. Kuma siffar duka ta tsaya cikin da'irar 0.5, don kada wutsiya ta guntule in ya juya.

Girman ɗigo na da iyaka, kuma kowace na'ura da tata, ALIASED_POINT_SIZE_RANGE zai nuna maka. Giwan ruwa ba zai shiga ɗigo ba ke nan, sai na koma murabba'i na gaske da instancing, wato zana siffa ɗaya sau da yawa a lokaci guda. Kafin nan ina so wutsiya ta riƙa kaɗawa da sin na lokaci. Wanda ya gwada a ƙaramar waya, ya faɗa min ko mediump, matsakaicin daidaiton lissafi a shader, ya ishe shi.